Shekarar da Aka Kira Aikina Legasi

Abba, kai ka jawo wannan babin. Ka shiga Kantin Kwari sayo wa uwarka shadda, wani dattijo ya ji sunan ubanka, ya tambaye ka ko kai ne ɗan Garba Kwamfuta, wanda ya lalata wa Alhaji Bukar manhaja ya gudu. Ka dawo gida ka yi kwana uku ba ka haɗa ido da ni ba. Ka faɗa wa Zainab, Zainab ta faɗa wa uwarku, uwarku ta tare ni da maganar tun ban cire takalmi ba. To ku zauna ku karanta, ku biyun. Ban lalata komai ba, ban kuma gudu ba. Da ƙafata na fita daga Kwari da rana tsaka, kowa yana kallo. Wata magana aka nemi in faɗa na ƙi, kuma ko yau aka sake nema amsar ba ta canja ba.

Kun san a aji uku na sakandare karatuna ya tsaya. Dalilin yana wani babi. Abin da ya shafe mu a nan shi ne inda na faɗa bayan nan, shagon Oga Obi mai gyaran kwamfuta a Sabon Gari. Ibo ne, amma a Kano aka yanke masa cibi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Fagge da na sani. A wurinsa na koyi kwance inji da ɗaurawa. Rubuta kod kuwa, wato umarnin da ake jera wa kwamfuta layi-layi ta bi, ba wanda ya zaunar da ni ya koya min. Wani littafi ne mai yagaggen bango na tsinta a kwalin tsofaffin kaya, na riƙa bin sa da ƙamus a gefe. Abin da Turancinsa ya fi ƙarfina sai in buga shi a inji in ga abin da zai yi. Haka na tashi na san aikin abubuwa da yawa ban san sunayensu ba.

Alhaji Bukar mutumin Borno ne ta wajen kaka, amma kakan ma a Kano aka binne shi. Yana da shaguna biyar a Kwari da sito uku, atamfa da shadda da leshi. Ciwon kansa ɗaya ne: a zo neman kaya, kowa ya san akwai su, a rasa a wane sito suke. Sai a sa 'yan dako su yi ta sauke dila suna mayarwa, mai saye ya gaji ya tsallaka layin gaba. Wata rana ya kawo kwamfutarsa gyara, ya ga ɗan abin da na rubuta wa Oga Obi don sanin inda kowane ƙarfe yake a shago, ya ce in zo in yi masa irinsa. Shekara biyu ina gini, shekara goma sha biyu ina riƙe da shi.

Gidan da na tashi a ciki na kwaikwaya, don ban san wani tsari ba. Akwai zaure, shi ne allon da ma'aikacin shago yake gani yake buga abin da yake nema. Akwai tsakar gida, nan dokoki suke: wa zai iya fitar da dila, wa ba zai iya ba, me za a yi in wani zane ya kusa ƙarewa. Akwai rumbu can ƙurya, inda bayanan suke kwance. Na zaure ba ya miƙa hannu ya ɗebi abu a rumbu. Sai ya yi sallama, tsakar gida ta amsa, ta ɗebo ta miƙo masa. In na ga dama na sake wa zaure fenti, ba ruwana da rumbu. Na ɗauka hankali ne kawai, ban san yana da suna a littafi ba.

Amma ba wannan ne ya zaunar da manhajar a Kwari ba. Sunaye ne. Kowace atamfa tana zuwa daga kamfani da lambarta, kuma ban taɓa ganin macen da ta shigo shago ta ce a ba ta lamba kaza ba. Da suna ake saye. Zane ɗaya, matan Kano su ce masa Ganyen Zogale, na Maiduguri su ce Tafin Kaza, matan Ibo na Sabon Gari su kira shi da nasu, wanda Oga Obi ne ya rubuta min shi. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne suna ɗaya ya hau zane biyu. Akwai atamfar da ake kira Tsani. In mutumin Maiduguri ya bugo waya ya ce Tsani, wata shuɗiya yake nufi mai layuka a kwance. In mutumin Damagaram ya ce Tsani, wata ja ce mai ratsin ruwan goro, ko kama ba su yi ba. Ba wanda ya yi kuskure a cikinsu, kowa haka sunan yake a garinsu. Saboda haka manhajata, kafin ta nemo maka zane, sai ta yi maka tambaya ɗaya: daga ina mai sayen yake? In ka faɗa mata, ta san wane Tsani. Shekara da shekaru ina tsintar sunayen nan a bakin dillalai da direbobi da mata 'yan sari ina zubawa a rumbu. Ko Alhaji da kansa, in suna ya shige masa duhu, ni yake aiko wa.

A shekarar da aka sa Zainab a makaranta, Mustafa, babban ɗan Alhaji, ya dawo daga karatu a ƙasar waje da digiri biyu a kan kwamfuta. Na san shi tun yana hawa kan dila yana shan rake. Ya dawo yana ce min Kawu Garba, yana rusunawa. Ba zan yi masa ƙazafi ba, yana da ladabi, ladabin ne ma ya fi yanka. Ya zo da abokai biyu, aka ware musu ɗaki a saman shago, aka sa musu iyakwandishan ɗin da ni ban samu ba a shekara goma sha huɗu. Kullum da safe suna wani taro da ba a zama, a tsaitsaye ake yi, wai don kada a daɗe. Kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da abin da zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Na ce musu ai 'yan dako sun daɗe suna yin wannan a bakin sito, suna ne kawai ba su raɗa masa ba. Suka yi dariya. Na ɗauka tare muke yi.

Mustafa ya yi mako guda yana karanta kod ɗina. Ranar da ya gama aka tara mu gaban Alhaji, ya buɗe kwamfutarsa ya ce:

"Baba, abin da Kawu Garba ya gina legasi ne. Babban legasi ma kuwa."

Ni da ƙamus na koyi Turanci, kuma a ƙamus legasi gado ne, abin da mutum yake bar wa na baya. Na miƙe na kama hannunsa da hannu biyu, na ce na gode, Allah ya yi albarka. Abokansa suka sunkuyar da kai suna kallon takalmansu, na ce a raina yaran nan akwai kunya. Da aka tashi na biya ta shataletalen Bata na sayo muku lemo da kilishi. Abba, in ka tuna ranar da na ɗaga ka sama ba sallah ba ba suna ba, ita ce. Na ce wa uwarku mai digiri biyu ya duba aikina ya ce gado ne. Hajara, uwar taku, tana kan keken ɗinki, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wane gadon, Baban Abba? Na kwanciya ko na mamaci? Don in na mamaci ne, sai mai shi ya tafi ake rabawa."

Na ce mata ita dai ba ta iya taya mutum murna ba. Washegari na je Sabon Gari sayen waya, na tsaya na ba Oga Obi labari. Ya yi dariya har ya ajiye abin da yake gyarawa, da ya kalli fuskata sai dariyar ta tsaya.

"Garba, a bakin masu kwamfuta legasi tsohon kaya ne da ya gagara zubarwa. Kamar firijin da ke ɗakina. Ba ya sanyi, amma ya fi ƙarfin ƙofa."

Ya tambaye ni ko na ce musu wani abu. Na ce na yi godiya, da hannu biyu. Ya ce subhanallahi, shi da yake Kirista.

Daga ranar na sayi littafi mai shafi arba'in. Duk kalmar da ta fito daga bakinsu sai in rubuta, in tsare mutum in ce ya fassara min ita da Hausa yanzu-yanzu, in bai iya ba to shi ma bai san ta ba. Suka ce aikina monolit ne, wato dunƙule guda, duk manhajar a tukunya ɗaya. Na ce haka ne, ai shago biyar ne, ba ƙasa biyar ba. Suka ce za su mayar da shi maikrosabis. Da na matsa, ashe raba gida ake nufi, kowane ɗa ya kafa murhunsa, in yana son gishiri ya aika takarda gidan wansa. Na ce a Kwari, inda sabis na waya yake ɗaukewa in hadari ya haɗu, takardar nan a hanya za ta kwana, miya ta sauka ba gishiri. Suka ce rifakta, a gyara cikin ɗaki ba tare da na waje ya ga wani canji ba. Wannan kuwa kullum ina yi, shara nake ce masa. Babbar kalmarsu ita ce akitekca, tsarin ginin gaba ɗaya, me ke ina, wa yake magana da wa. Ɗaya daga cikin abokan, wani dogo mai tabarau, ya ce aikina ba shi da akitekca, sufageti ne, taliya, ka ja zare ɗaya duk kwanon ya biyo ka. Na karɓi alƙalaminsa na zana masa zaure da tsakar gida da rumbu a kan allonsu, na ce ya nuna min inda taliyar take. Ya kalla ya kalla, ya ce ai wannan shi ne tsari mai hawa uku, wa ya koya min. Na ce uwata, a Fagge. Yana cikin littafin da kuke yi a jami'a, Abba, na leƙa na gani, akwati uku ɗaya kan ɗaya.

Kada ku ɗauka duk abin da suka faɗa banza ne. Ni ba na ƙarya ko a kan wanda ya cuce ni. Ba ni da gwaji, wato ƙaramin kod da yake bin babban kod yana duba ko gyaran yau ya karya abin da yake aiki jiya. Nawa gwajin shi ne in danna da hannu in yi bismillah. Ina gyara a kan injin da shaguna suke aiki da shi, suna tsakiyar ciniki, kamar mai canja wa mota taya tana tafiya. Ba ni da tarihin canje-canje, sai jakunkuna a kwamfuta, wannan sunanta Sabo, wannan Sabo Na Gaske, wannan Sabo Na Ƙarshe Kada A Taɓa. Suka nuna min wani abu da yake ajiye kowane gyara da sunan wanda ya yi shi da dalilinsa, in abu ya ɓaci ka koma baya taku ɗaya. Na so abin nan, a mako guda na iya shi, har yau ina amfani da shi. Kuma ban rubuta bayanin komai ba, duk a kaina yake. Mustafa ya tambaye ni cikin ladabin nan nasa, in Allah ya kiyaye a-daidaita-sahu ya kwashe ni gobe a Bata, wa zai riƙe aikin. Na ce duk waɗannan na yarda, a gyara, da ni za a yi.

Inda muka rabu shi ne sunaye. Mustafa ya buɗe rumbu ya ga Tsani sau biyu, ya ga zane ɗaya da suna biyar, ya ce wannan datti ne. Ya ce akwai ƙa'ida, gaskiya ɗaya a wuri ɗaya: zane ɗaya, lamba ɗaya, suna ɗaya. Sauran a goge, masu saye za su saba. Kuma ni zan zauna in zaɓi wanda za a bari, tunda ni na san su. Na ce masa ƙa'idarsa tana da kyau, kuma ban karya ta ba. Gaskiyar a rumbuna ɗaya ce, ita ce lambar kamfani. Sunayen hanyoyi ne da mutane suke bi su iso gare ta, kuma ba a toshe lungu don an yi titi. Ya ce tambayar nan ta daga ina mai saye yake tana ɓata lokaci, kuma sabon allon da suka zana ba shi da gurbinta.

"An riga an gama zanen tsarin, Kawu."

"Kun gama zanen gida ba ku tambayi masu kwana a ciki ba, Injiniya."

Mako uku ana wannan. A gida ma ban huta ba. Uwarku ta ce sunan atamfa ne, ba sunan 'ya'yana ba, in zaɓa musu in ci gaba da aikina, in ta ɓaci ai su suka ce a yi. Na ce in ta ɓaci ba za a tuna wanda ya ce a yanka ba, wanda wuƙa take hannunsa za a tuna. Ta ce ni dai na fi son a ce ina da gaskiya a kan a ce ina da aiki, kuma gaskiya ba ta shiga tukunya. Na ce ita ma in mace ta kawo mata ɗinki ta ce buba, ai sai ta tambaya irin ta ina. Ta ce ita in mai ɗinki ta nace a yi mata wuyan da bai dace ba, yi mata take, ta karɓi ladanta, matar ta je ta ji kunya a gidan biki. Muka kwana kowa yana kallon bangonsa.

Daga ƙarshe Alhaji ya kira ni. Ba ya gane komai a cikin rigimar, abin da ya sani shi ne ya tura ɗa karatu ya dawo. Ya ce Malam Garba, yaron nan abin da ya karanta ke nan, ka bi shi. Na tambaye shi, in Hajiya Yagana ta bugo daga Maiduguri ta ce Tsani, wanne yake aika mata. Hajiya Yagana babbar 'yar sari ce, ta fi shekara ashirin tana ɗaukar kaya a wurinsa. Ya ce shuɗiya mana. Na ce in na Damagaram ne fa. Ya ja carbi, ya san amsar sarai, a ƙarshe ya ce ko in yi abin da Mustafa ya ce ko in ba shi mukullin manhajar. Na rubuta duk kalmomin sirri a takarda, na sa Mustafa ya buɗe kowace ƙofa da hannunsa a gaban abokansa, kwana uku ina nuna masa lungu da saƙo. Ba a kore ni ba. An bar ni da gyaran firinta da jan waya a silin, ni da Alhaji yake aiko wa tambaya. Su suka zauna suka yi gogen da kansu. Inda suna ya zo sau biyu, sai su bar wanda aka shigar daga baya. A Tsani, ja ce ta zo daga baya.

Bayan wata huɗu sabuwar manhaja ta fara aiki. Tana da kyau, tana da sauri, ana buɗe ta a waya. Na faɗa a lokacin, ina kuma faɗa yanzu. Ba a yi wata guda ba Hajiya Yagana ta bugo, za ta aurar da 'yar autarta, tana son Tsani na anko, kayan dangi da ƙawaye gaba ɗaya. Wanda ya ɗauki wayar sabon ma'aikaci ne, bai san Kwari ba. Ya buga Tsani, manhaja ta ba shi abu ɗaya tak, ba ta tambaye shi komai ba. Aka ɗaure ja aka loda a mota. Kaya suka isa Maiduguri saura kwana uku biki, teloli suna zaune suna jira, an riga an nuna wa dangin ango shuɗiya. Da ta bugo wa Alhaji, na shagon da ke kallon namu ma sun ji muryarta. Ta ce in an gama biki za ta zo Kano da kanta a nuna mata wanda ya kunyata ta.

Kafin la'asar magana ta fita cewa bayanan tsohuwar manhaja ne suke da datti. Washegari da safe ta girma, wai Garba ne ya juya sunayen da gangan kafin ya ba da mukulli, don haushi. Ban san bakin da ya fara ba, kuma ba zan ɗora wa kowa ba tunda ban ji da kunnena ba. Na dai san ina kan tsani na gaske, ina jan waya, mutanen da muka yi shekara goma sha huɗu muna cin abinci a kwano ɗaya suna wucewa ta ƙasana ba sallama.

Ana gobe Hajiya za ta iso, Alhaji ya aiko in hau sama. Shi ne da Mustafa, abokan an sallame su. Ya sa aka kawo min lemo mai sanyi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce za a mayar min da mukullin manhajar, in mayar da sunayen yadda suke, a ba ni tebur a ɗakin nan mai sanyi, in zama babba a kan abokan Mustafa. Abu ɗaya kawai yake roƙo. Gobe, a gaban Hajiya da dattawan layi, in ce kuskuren daga tsohuwar manhaja ya fito. Ba sai na ce da gangan ba, in ce dai daga wurina ne.

"Kai ka saba da Kwari, Malam Garba. Yau a yi da kai, gobe an manta. Shi kuwa yanzu ya fara, kuma shi zan bar wa shagunan nan. In ya fara da wannan, ba mai sake jin maganarsa."

Na gane shi. Uba ne, ni ma uba ne. Na tuna ku, na tuna kuɗin makaranta, na tuna maganar uwarku ta tukunya. Na juya wajen Mustafa, yana kallon ƙasa.

"Injiniya, Tsani nawa ka tarar a rumbuna?"

"Biyu, Kawu."

"Nawa ka bari?"

Na jira shi har iyakwandishan ya ɗauke ya dawo. Da a ce ya buɗe baki ya ce Baba, laifina ne, wallahi da na zauna na yi musu aiki har in mutu. Bai buɗe ba. Na ce wa Alhaji sunayen zan mayar yau ɗin nan, ba sai an ba ni tebur ba, amma waccan maganar ba za ta fita daga bakina ba. An kira aikina tsohon kaya na yi godiya, an kira shi taliya na haɗiye, an sa ni jan waya na ja. Abin da ya rage min a Kwari shi ne ban taɓa aika wa mutum zanen da bai nema ba, kuma ba zan miƙa wannan da hannuna ba. Alhaji ya ce abin ba ya rabuwa, ko duka biyun ko babu. Na ce to babu. Na zaro filashi daga aljihu, duk sunayen da na tsinta suna ciki da garuruwansu, na ajiye a kan tebur kusa da lemon da ban sha ba. Na ajiye mukullin sito da ke hannuna. Na ɗauki jakar sukundireba, ita kam tawa ce. Ana kiran azahar na sauko, na bi ta tsakiyar layi a hankali, na yi wa kowa sallama da sunansa, wanda ya amsa da wanda bai amsa ba.

Abin da aka faɗa wa Hajiya washegari ban sani ba, ba na nan, kuma wanda ba ya nan shi ne mai laifi. Na ji daga baya ba a yi wata ba Mustafa ya mayar da tambayar daga ina mai saye yake, ya raɗa mata wani sunan Turanci. Manhajar tana aiki har yau, kuma ina ce muku tana da kyau. Mustafa yana gaishe ni in mun haɗu a jana'iza, har yanzu da rusunawa. Bai taɓa tsayawa a gaban mutum biyu ya gyara labarin ba, shi ya sa ya kai kunnenka, Abba.

Ku ne kuka biya, wannan na sani. Ku aka cire daga makarantar da kuke aka mayar ta gwamnati. Ku kuka koma ɗaki ɗaya da labule a tsakiya. Uwarku ce ta yi shekaru tana taka keke har ƙafafunta suka fara kumbura. Ba zan ce muku abin ya zama alheri ba, don ban ga alherin ba. In kun girma kuka ga da na faɗi 'yan kalmomin nan da kun huta, ku riƙe ni da shi, haƙƙinku ne. Amma ku riƙe ni da abin da na yi, ba da abin da aka ce na yi ba.

Ranar, daga Kwari ban wuce gida ba. Na ratsa Bata a ƙafa na shiga Sabon Gari. Oga Obi ya kalli jakar da ke hannuna, bai tambaye ni komai ba, ya sa hannu ya ture tarkacen da ke rabin teburinsa, ya ce kujerar can ƙafarta ɗaya tana rawa, in sa mata kwali. A kanta nake zaune har yau. Da yamma na isa gida. Hajara ta san an kira ni, ta san abin da za a nema, don matar wani ɗan dako ta riga ni isowa. Ta tsayar da keken.

"Ka yarda?"

"Ban yarda ba."

Ta tashi ta shiga kicin, ta fito da kwano ta dire a gabana da ƙarfi har miya ta fantsalo.

"Da ka yarda, da yau ba ka ci tuwona ba. Amma kada ka ɗauka na yafe maka sunayen atamfar nan."

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ba ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba.